Tambayoyi da Amsoshi Game da Mercedes-AMG

Mene ne AMG, kuma daga ina ya samo asali?

AMG shi ne sashen kamfanin Mercedes-Benz da ke ƙera motoci masu tsananin gudu, kuma hedikwatarsa tana garin Affalterbach, kusa da Stuttgart a ƙasar Jamus. Tsofaffin injiniyoyin Mercedes guda biyu, Hans Werner Aufrecht da Erhard Melcher, su ne suka kafa shi a shekarar 1967 a wani tsohon gidan niƙa da ke Burgstall, inda suke ƙara wa injinan Marsandi ƙarfi domin tsere. Sunan ya fito ne daga harafin farko na Aufrecht da na Melcher da na Grossaspach, mahaifar Aufrecht.

Me ya fito da sunansa a duniya?

Tseren sa'o'i 24 na Spa a Beljiyam, a shekarar 1971. Sun shiga da wata zungureriyar Marsandi ja samfurin 300 SEL, wadda aka faɗaɗa injinta zuwa lita 6.8. Mota ce irin ta manyan mutane, mai nauyi ƙwarai, har aka yi mata laƙabi da "Jan Alade", amma sai ga shi ta zo ta biyu. Daga baya Mercedes ya sayi kashi 51 cikin ɗari na hannun jarin AMG a 1999, sannan ya mallake shi gaba ɗaya a 2005.

Me ya bambanta motar AMG da sauran Marsandi?

Ana sauya birki da giya da salansa da tayoyi, amma asalin bambancin yana cikin inji. A Affalterbach, ma'aikaci ɗaya ne yake haɗa inji tun daga farko har ƙarshe, sannan a manna ɗan ƙarfe mai ɗauke da sa hannunsa a kan injin, ta yadda duk wanda ya buɗe bonet zai ga sunan wanda ya yi aikin. Sai dai ba kowace AMG ce ke da wannan gata ba, domin injinan silinda 6 na samfurin 53 a masana'antar Mercedes ta yau da kullum ake haɗa su.

Shin lambar 63 da ke cikin sunan wasu motocin AMG, kamar C 63, tana nufin inji mai lita 6.3?

A'a. Ko tsohon injin da ya shahara da wannan lamba lita 6.2 ne. A 2022 kuma aka fito da sabuwar C 63 da inji mai silinda 4 kacal, lita 2, haɗe da na'urar lantarki, masu ba da ƙarfin doki 680 a jimlace. Ƙarfi ya ƙaru, amma nauyin motar ya haura tan 2, kuma rugugin tsohon injinta mai silinda 8 ya ɓace. Masu sha'awar AMG da dama ba su ji daɗi ba, kuma a ganina suna da hujja, tun da wannan rugugin yana cikin abin da suke biyan kuɗinsa.

To, "AMG Line" fa?

Tsari ne da ake yi wa wasu Marsandi don su yi kama da AMG, kuma galibi ado ne na bamba da kujeru da sitiyari da ƙafafun mota, injin kuwa na talakawan Marsandi ne. Mai sayen motar hannu ya kamata ya duba lambar chasis da injin kansa, domin tambarin da ke bayan mota kowa na iya saya ya liƙa.