Waiwaye: Yaran da gubar dalma ta bari a Zamfara

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suna zagayen duba cutar sanƙarau a ƙauyukan Zamfara sai suka ci karo da wani abu daban. A Dareta ta ƙaramar hukumar Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum, ƙananan yara na ta taune-taune suna suma, maƙabarta kuwa ta cika da sababbin ƙananan kaburbura. An ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, shiru. Sai da aka gwada jininsu aka gano gubar dalma ce.

Zinare ne ya jawo. Farashinsa ya tashi a kasuwar duniya, manoma suka koma haƙa. Dutsen yankin kuwa cakuɗe yake da dalma, kuma a tsakar gida ake daka shi, a niƙa shi, wani lokaci da injin niƙan hatsi. Ƙurar ta bi ƙasar da yaro ke rarrafe a kai, ya dafa, ya kai hannu baki. Aƙalla yara 400 suka rasu. Na'urar gwajin da ake yawo da ita ba ta iya karanta yawan dalmar jini in ya wuce 65 a ma'auninta, ga shi jinin yara da yawa ya zarce haka.

Magani kaɗai ba ya wadatarwa, domin yaron da aka wanke wa jini in ya koma gida mai guba, an yi aikin baban giwa. Dole sai an kankare saman ƙasar kowane gida an zuba sabuwa. Kamfanin TerraGraphics na Amurka ya jagoranci wannan, mutanen garuruwan suka riƙe shebur da baro, aka share ƙauyuka 7 tsakanin 2010 da 2011.

Bagega, wadda ta fi su girma, aka bari tana jiran kuɗin gwamnati. Nan ne wasu matasa 'yan sa kai, ƙarƙashin Hamzat Lawal, suka tada ƙura a intanet har gwamnatin tarayya ta saki kuɗin a farkon 2013. A shekarar aka share garin.

Inda labarin ya fi ciwo shi ne waɗanda suka rayu. Dalma in ta taɓa ƙwaƙwalwa, ɓarnar ba ta gyaruwa. Akwai yaran da suka makance, akwai waɗanda ƙafa ta shanye, wasu ba su sake magana ba. Likitan waje yakan yi wa'adinsa ya tafi. Mai goya ɗan shekara goma a baya, ta ba shi fura a baki, ta wanke masa jiki kullum, ita ce uwa, ko kaka, ko maƙwabciyar da ta ga abin tausayi. Wannan ma aikin sa kai ne, sai dai ba mai rubuta shi a rahoto.

A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya. A Afrilun shekarar aka haramta haƙar ma'adinai a Zamfara saboda 'yan bindiga, waɗanda suka sa zuwa ƙauyukan Anka ya zama kasada. MSF ta miƙa aikin dalmar ga gwamnatin jiha a 2022. Jariran 2010 yanzu samari ne da 'yan mata, wasunsu sun fi ƙarfin goyo.