Ƙabila, Aikata Laifi da Tsarin Shari'ar Laifuka

Dangantakar ƙabila ko launin fata da aikata laifi, da kuma yadda hukuma ke bi da mutum gwargwadon asalinsa, fage ne na nazari da ya haɗa masana laifuka da masana zamantakewa da lauyoyi. A ƙasashe da dama alƙaluma sun nuna cewa wasu al'ummomi, galibi tsiraru ko zuriyar waɗanda aka bautar ko aka yi wa mulkin mallaka, sun fi yawa a hannun 'yan sanda da gidajen yari fiye da kasonsu a cikin jama'a. Wannan kam ba a jayayya a kansa. Saɓanin yana wajen dalili: wasu na jingina shi ga bambancin yawan laifin da ake aikatawa, wasu ga bambancin da ake nunawa daga kamu zuwa hukunci. Mafi yawan masu bincike a yau suna ganin abubuwan biyu na tafiya tare, kuma nauyin kowanne ya danganta da irin laifin da wurin da zamanin.

Asalin tunanin

A ƙarni na 19 aka fara sanya wa tsohon zargin cewa wasu mutane masu laifi ne a ɗabi'arsu rigar kimiyya. Likitan nan na Italiya, Cesare Lombroso, ya wallafa a 1876 cewa akwai mutanen da ake haifa da halin laifi, kuma wai ana gane su ta siffar kai da haɓa da kunne. Tuni aka yi watsi da wannan ra'ayi, amma ya daɗe yana tasiri. Shekara biyar kafin nan, a 1871, gwamnatin mulkin mallakar Birtaniya a Indiya ta kafa dokar da ta ayyana wasu ƙabilu sukutum a matsayin masu laifi tun daga haihuwa. Akan yi musu rajista, a taƙaita musu zirga-zirga, wasu ma a tsare su a matsugunan da hukuma ke gadi. Sai a 1952 aka soke dokar a faɗin Indiya.

Martani mai ƙarfi ya zo daga masana zamantakewa. W.E.B. Du Bois, a nazarinsa na baƙar fatar birnin Filadelfiya a 1899, ya danganta laifi da talauci da ƙaura da toshe wa mutane ƙofar aiki. A 1942 Clifford Shaw da Henry McKay suka nuna cewa wasu unguwannin Chicago sun ci gaba da zama matattarar laifin matasa shekaru masu yawa, alhali ƙabilun da ke zaune a cikinsu sun sauya sau da dama. Laifin ya tsaya a unguwa, mutanen kuwa da suka tashi sai alƙalumansu suka sauka.

Amurka bayan bauta

Gyara na 13 ga kundin tsarin mulkin Amurka, na 1865, ya haramta bauta da aikin tilas, amma ya bar ƙofa ɗaya a buɗe: sai dai in hukunci ne ga wanda aka samu da laifi. Jihohin kudu ba su ɓata lokaci ba. Tsakanin 1865 da 1866 suka kafa dokoki na musamman a kan baƙar fata, inda rashin takardar aiki ko yawon gararamba ya zama laifi. Wanda ya kasa biyan tara sai a ba da shi haya ga masu gonaki ko masu haƙar kwal ko masu shimfiɗa layin dogo. Da yake ɗan kwangila bai sayi fursunan da kuɗinsa ba, bai damu da ransa ba, don haka mace-mace suka yi yawa a sansanonin. Jihar Alabama ta dogara ƙwarai da kuɗin wannan haya, kuma ba ta daina ba sai a 1928.

Wannan tarihi na da muhimmanci ga mai karanta alƙaluma, domin daga irin waɗannan kame-kame aka tara ƙididdigar farko da marubutan ƙarshen ƙarni na 19 suka riƙa kafa hujja da ita cewa baƙar fata masu laifi ne a ɗabi'arsu.

A kotu ma an daɗe ana fama. Tun 1880 Kotun Ƙoli ta ce haramun ne doka ta hana baƙar fata shiga ayarin masu taya alƙali yanke hukunci, amma a aikace aka ci gaba da tsame su. A 1931 aka kama samari tara baƙar fata a Alabama bisa zargin fyaɗe ga mata biyu fararen fata, aka yanke wa takwas hukuncin kisa cikin 'yan kwanaki a garin Scottsboro. Ɗaya daga cikin matan ta janye zarginta daga baya. Shari'ar ta haifar da hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli biyu, na 1932 kan haƙƙin samun lauya da na 1935 kan cire baƙar fata daga masu taya alƙali. Sai a 1986 kotun ta hana mai gabatar da ƙara tsame mutum daga ayarin saboda launinsa kawai.

Shari'ar Warren McCleskey, baƙar fata da aka yanke wa hukuncin kisa, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1987, ita ce aka fi ambato. Lauyoyinsa sun gabatar da nazarin David Baldus kan shari'o'in kisan kai fiye da 2,000 a jihar Georgia, wanda ya nuna cewa, bayan an yi la'akari da sauran dalilai, wanda ake tuhuma da kashe farar fata ya fi wanda ake tuhuma da kashe baƙar fata fuskantar hukuncin kisa da ninki 4.3. Alƙalai biyar cikin tara suka ce alƙaluma ba su isa ba, sai mutum ya nuna an nufe shi da wariya a shari'arsa. An zartar wa McCleskey hukuncin kisa a 1991. Mai shari'a Lewis Powell, wanda ya rubuta hukuncin, ya ce bayan ya yi ritaya da zai sauya ƙuri'arsa.

Dokokin ƙwaya

Dokar tarayyar Amurka ta 1986 ta sanya ɗaurin shekara biyar a ƙalla ga wanda aka kama yana fataucin giram 5 na hodar iblis ta dunƙule da ake kira kirak, alhali sai an kai giram 500 na garin hodar kafin a sha irin wannan hukunci. Sinadarin guda ne, amma mafi yawan waɗanda aka gurfanar kan kirak baƙar fata ne. A 2010 aka rage tazarar daga 100 da 1 zuwa 18 da 1, a 2018 kuma aka ba tsofaffin fursunoni damar neman sassauci. Binciken da ake yi gida-gida ya daɗe yana nuna cewa shan ƙwaya tsakanin farare da baƙaƙe bai bambanta sosai ba, amma kamun ya bambanta matuƙa.

Ingila da Wales

Sashe na 4 na dokar gararamba ta 1824 ya ba ɗan sanda ikon kama mutum bisa zaton yana shirin aikata laifi. A shekarun 1970 matasa 'yan asalin Karibiyan suka yi ta kokawa cewa da su ake amfani da dokar. A watan Afrilun 1981, bayan wani samame da aka tsayar da mutane fiye da 900 cikin 'yan kwanaki, tarzoma ta ɓarke a unguwar Brixton ta Landan. An soke sashen a shekarar. Rahoton Lord Scarman, alƙalin da ya binciki tarzomar, ya amince akwai talauci da nuna bambanci daga wasu jami'ai, amma ya ƙi yarda cewa wariya ta zama tsarin hukumar 'yan sanda.

Kisan Stephen Lawrence ne ya sauya wannan matsayi. Ɗalibi ne baƙar fata mai shekara 18 da gungun matasa fararen fata suka daɓa wa wuƙa a unguwar Eltham ta Landan ranar 22 ga Afrilu, 1993. Binciken 'yan sanda ya tafi da sakaci, iyayensa kuma suka ƙi yin shiru. Kwamitin Sir William Macpherson ya fitar da rahoto a Fabrairun 1999 mai shawarwari 70, ya ce rundunar 'yan sandan Landan na fama da wariyar da ta ratsa tsarin aikinta, ko da wani jami'i bai yi niyya ba. Sai a Janairun 2012 aka samu mutum biyu da laifin kisan. Rahoton Baroness Casey na 2023 ya sake yi wa rundunar irin wannan hukunci.

Tun 1991 doka ta wajabta wa gwamnati wallafa alƙaluman shari'a bisa ƙabila, abin da ya sa Ingila da Wales suka fi yawancin ƙasashen Turai bayanai. Binciken ɗan majalisa David Lammy na 2017 ya gano cewa tsirarun ƙabilu, da suke kashi 14 cikin 100 na jama'a, su ne kashi 25 na fursunoni da fiye da kashi 40 na yaran da ke tsare. Wani abin lura a rahoton shi ne masu taya alƙali ba su nuna bambanci a fili ba. Giɓin ya fi fitowa a wani wuri: baƙar fata sun fi ƙin amsa laifi, sau da yawa don ba su amince da lauya ko kotu ba, alhali mai amsa laifi da wuri na iya samun ragin da ya kai sulusin hukunci.

Matsalar aunawa

Alƙaluman kamu na nuna inda 'yan sanda suka sa ido kamar yadda suke nuna inda aka yi laifi. Shi ya sa masu bincike ke haɗa su da bayanan waɗanda aka yi wa laifi da kuma amsoshin mutane kan laifin da su da kansu suka aikata. A kisan kai, wanda da wuya a ɓoye shi, bambancin na gaske ne a Amurka: baƙar fata kusan kashi 13 ne na jama'a, amma kimanin rabin waɗanda ake kashewa daga cikinsu suke, kuma galibi mai kisan da wanda aka kashe launinsu ɗaya. Masanin laifuka Alfred Blumstein ya ƙiyasta a 1982 cewa kusan kashi 80 na giɓin da ke tsakanin baƙaƙe da farare a gidajen yari ya yi daidai da giɓin kamu, sai dai a laifukan ƙwaya daidaiton ya yi rauni sosai.

Inda jami'i ke da zaɓi mai faɗi, nan bambanci ya fi bayyana. A birnin New York an tsayar da mutane sau miliyan 4.4 tsakanin 2004 da 2012, fiye da kashi 80 baƙar fata ne ko 'yan asalin Latin Amurka, kuma kusan tara cikin goma an sake su ba tare da tuhuma ba. Wata alƙaliyar tarayya ta ce a 2013 yadda ake gudanar da aikin ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Hukumar tsara hukunci ta Amurka ta gano a 2017 cewa maza baƙar fata na samun ɗauri da ya fi na takwarorinsu farare tsawo da kusan kashi 19. Ana jayayya kan yadda za a raba tasirin launi da na talauci, shekaru da unguwa, tunda a zahiri sun cuɗanya.

'Yan asalin ƙasa da sauran wurare

A Ostireliya, kwamitin da ya binciki mutuwar 'yan asali 99 a tsare ya ba da rahoto a 1991 da shawarwari 339. Ya gano cewa ba su fi sauran fursunoni mutuwa a tsare ba, yawan tsare su ne ya wuce misali. A yau ba su kai kashi 4 na jama'a ba, amma fiye da sulusin fursunoni su ne. A Kanada hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Gladue na 1999 ya wajabta wa alƙalai duba tarihin ɗan asali kafin yanke masa ɗauri. Kimanin rabin fursunonin New Zealand 'yan ƙabilar Maori ne, 'yan asalin ƙasar.

Faransa ta taƙaita tattara bayanai bisa ƙabila tun dokar 1978, don haka alƙalumanta ƙalilan ne. A 2016 babbar kotun ƙasar ta samu gwamnati da laifi kan tsayar da wasu mutane don duba katin shaidarsu saboda kamanninsu.