Waiwaye: Jariran da ba sa cikin kowane littafi

Tun zamanin Faransawa, ƙidaya da haraji tafiyarsu ɗaya a ƙasar Maraɗi. Maigida ya san duk kan da aka rubuta kuɗi ne zai biya, sai ya ɓoye wasu. Bayan 'yancin kai, Nijar ta ƙidaya jama'arta a 1977, 1988, 2001 da 2012. Ta 2012 ta samu mutum miliyan 17 da 'yan kai, miliyan 3.4 daga cikinsu a jihar Maraɗi. Tsakanin wata ƙidaya da wata kuwa, sai kiyasi daga littattafan rajistar haihuwa da mutuwa da ba su cika ba.

Akwai dabarar cike giɓin, wadda masana ƙididdiga Chandrasekar da Deming suka gwada kan haihuwa da mutuwa a Indiya, suka wallafa a 1949. A ce littafin asibiti yana da jarirai 100, na maigari yana da 80, kuma 40 sun fito a duka biyun. Tunda 40 cikin 80 na maigari suna littafin asibiti, sai a ce asibiti rabi yake kamawa, jariran garin 200 ke nan. Lissafin daidai yake, amma yana da sharuɗɗa, kuma a nan gizo ke saƙa.

Sharaɗi mafi nauyi shi ne kada shiga wannan littafi ya zama silar shiga wancan. A karkararmu ba haka abin yake ba. Matar da ta haihu a asibiti ita ce ake tura mijinta ya yanko takardar haihuwa, ɗanta ya shiga littafi biyu ke nan. Wadda ta haihu a ɗaki a wani ƙauyen Dakoro, ungozoma ta yanke cibiya, aka raɗa suna ran bakwai, ɗanta ba ya nan ba ya can. Lissafin ba ya ganinsa sam, sai adadi ya fito ƙasa da gaskiya.

Ga kuma haɗa sunaye: nan Abdou, can Abdoulaye, shekarar haihuwa kuma "wajajen" kaza. Mutum ɗaya ya zama biyu, adadi ya kumbura.

Dabarar tana kuma son jama'a su zauna wuri guda. Mu kuwa da an gama girbi samari sun nufi Katsina da Kano ci-rani, sannan tun 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato suka tsallako yankin Gidan Rumji.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, da irin wannan kiyasi ake auna allurar riga-kafi da yawan azuzuwa. Yaron Dakoron nan da littafi biyu suka tsallake, shi ne ya fi kowa nisa da asibiti.