Mene ne TAA, tallafin da Amurka ta riƙa ba ma'aikacin da aka kwashe masana'antarsa zuwa waje?

A 2004 kamfanin Maytag ya rufe masana'antarsa ta firji a garin Galesburg na jihar Ilinoi, ya mayar da aikin Reynosa a Meziko, inda kuɗin ƙwadago bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da yake biya a gida ba. Mutum kusan 1,600 suka rasa abin yi a garin da jama'arsa ba su wuce dubu talatin da 'yan kai ba. Ba su yi laifin komai ba, kuma ba a daina sayen firji ba. Irin waɗannan mutane aka yi wa shirin da Amurkawa ke kira Trade Adjustment Assistance, a taƙaice TAA. Da Hausa sai mu ce tallafin sake sana'a ga wanda cinikin ƙasashen waje ya raba da aikinsa.

Shirin ya samo asali ne a 1962, zamanin Shugaba John Kennedy, cikin dokar da ta ba shi damar rage harajin shigo da kaya. Hujjar mai sauƙi ce. Idan gwamnati ta buɗe iyaka, kaya ya yi araha ga kowa, masu fitar da kaya su samu kasuwa, amma wasu 'yan tsiraru su ne za su ɗauki asarar. Tun da gwamnati ce ta yanke shawarar, ita ya kamata ta ɗauki nauyin waɗanda abin ya faɗa wa. A ganina nan ne ma'anar kalmar take: diyya ce, ba sadaka ba. Sai dai an tsaurara sharuɗɗan har ta kai ba a amince da buƙata ko ɗaya ba sai a 1969. Dokar ciniki ta 1974 ce ta sassauta su.

Kafin Yulin 2022, ma'aikatan da abin ya shafa, ko ƙungiyarsu ta ƙwadago, ko kamfanin da kansa, su ke kai takarda Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya. Ita za ta bincika ko yawan shigo da kaya ne ko kwashe aiki zuwa waje ya jawo sallamar. In ta tabbatar, sai kowane ma'aikaci ya je ofishin jiharsa ya nemi haƙƙinsa. Babban abin da ke ciki shi ne kuɗin koyon sabuwar sana'a, galibi a ƙananan kwalejoji na yanki, tare da alawus na mako-mako da ke ci gaba bayan kuɗin rashin aiki na yau da kullum ya ƙare. A ƙarƙashin dokar 2015 jimillar tana iya kaiwa mako 130. Akwai ɗan kuɗin neman aiki a nesa da na ƙaura.

Akwai wani ɓangare da ya fi taɓa ni. Wanda ya kai shekara 50, ba kowa ne zai iya komawa aji ba bayan shekara talatin a gaban inji. A ƙarƙashin dokar 2015, idan ya karɓi sabon aiki mai ƙarancin albashi, gwamnati na biyansa rabin bambancin na shekara biyu, har zuwa dala 10,000. Wannan amincewa ce a fili cewa aikin da zai samu ba zai kai wanda ya rasa ba.

Ko shirin ya yi amfani? Masu bincike sun rabu. Nazarin da cibiyar Mathematica ta yi wa gwamnati, wanda ya fito a 2012, ya nuna cewa cikin shekara huɗu waɗanda suka shiga shirin ba su kamo takwarorinsu da ba su shiga ba a samun kuɗi ba, don sun ɓata lokaci mai tsawo a makaranta. Masanin tattalin arziki Benjamin Hyman ya bi sawun ma'aikata na shekara goma, ya ga waɗanda aka horar sun tara kimanin dala 50,000 fiye da sauran. 'Yan ƙwadago kuwa tun tuni suka laƙaba masa suna inshorar jana'iza, wato a kashe maka aiki sannan a saya maka likkafani. Suna da gaskiyarsu: daga 2000 zuwa 2010 ayyukan masana'antu a Amurka sun faɗo daga miliyan 17 zuwa ƙasa da miliyan 12, bayan yarjejeniyar ciniki ta NAFTA tsakanin Amurka, Kanada da Meziko ta 1994 da shigar Sin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, kuma kaɗan ne daga cikin waɗanda suka rasa aikin shirin ya kai gare su. Takardar shaidar walda ba ta da amfani a garin da babu mai ɗaukar mai walda.

Duk wanda ya ga yadda masaƙun Kakuri a Kaduna suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ma'aikata suka koma acaba suna jiran haƙƙinsu shekara da shekaru, ya san darajar ko da rabin wannan tallafi.

Tarayyar Turai ta kafa asusu makamancin wannan da ya fara aiki a 2007. A Amurka kuwa majalisa ta bar wa'adin dokar ya cika, kuma daga 1 ga Yulin 2022 Ma'aikatar Ƙwadago ta daina amincewa da sababbin buƙatu. Waɗanda aka riga aka tantance kafin ranar ne kaɗai suka ci gaba da karɓa.