Abrammuo: duwatsun awon zinariya na Akan

Abrammuo su ne ƙananan duwatsun awo na tagulla da al'ummar Akan ta Ghana da Kwaddibuwa ta riƙa auna garin zinariya da su, tun wajen 1400 har ƙarshen ƙarni na 19. Garin zinariya shi ne kuɗinsu, ko cefane sai an ɗora shi a sikeli. Fataken Wangara, 'yan kasuwa Musulmi daga yankin Mali, ne suka kawo tsarin awon, wanda ya ginu kan miskali, wajen giram 4.5. Awon Turawa ya shigo bayan 'yan Fotugal sun gina sansanin Elmina, a gaɓar tekun Ghana, a 1482. Ɗan mitsitsin gari kuwa da 'ya'yan tsiron idon zakara ake auna shi.

Maƙeri yakan fara gina siffar da kakin zuma, ya shafe ta da ruwan yumɓu mai garin gawayi, ya lulluɓe da yumɓu mai kauri, ya bar 'yar kafa. In aka gasa, kakin ya narke ya fita, narkakkiyar tagulla ta cike gurbinsa. Sai an fasa yumɓun kafin a ciro dutsen, shi ya sa ba a samun biyu iri ɗaya sak. Wani lokaci ƙwaro na gaske ko gyaɗa ake lulluɓewa, wuta ta cinye shi ya bar surarsa. Nauyi bai cika fitowa daidai ba: in ya zarce a goge da magagari, in ya gaza a cusa dalma ko a naɗa waya.

Na farko-farko zane kawai gare su. Daga baya aka shiga yin mutane da dabbobi, kuma a nan darajarsu take, domin da yawansu karin magana ne da aka zuba a tagulla. Kadoji biyu masu ciki ɗaya suna nuna 'yan dangi da ke rigima kan abinci alhali tumbinsu guda. Tsuntsun sankofa mai waiwaye yana cewa ba laifi ba ne a koma a ɗauko abin da aka manta. Surar ba ta faɗin nauyin dutse; mai shi ne ya san kayansa, don haka mai saye da mai sayarwa kowa yakan auna da nasa.

A da, ana ɗaure duwatsun a ƙunshin da ake kira futuo, tare da sikeli, cokula da 'yan akwatunan gari. A lokacin, uba yakan haɗa wa ɗansa ƙaramin futuo idan ya isa kama sana'a.