Hanyoyin ƙwaƙwalwa masu sarrafa faɗa da barbara a jikin ɓera

A gindin ƙwaƙwalwar ɓera akwai wani yanki da ake kira hayifotalamas, wanda ke kula da yunwa da ƙishirwa da zafin jiki, kuma a cikinsa ne masana suka gano ƙwayoyin jijiyar da ke sa ɓera ya kai wa ɗan'uwansa hari ko ya nemi mace. Abin da ya bambanta waɗannan ƙwayoyi shi ne suna ɗauke da makarɓan homon ɗin jinsi, wato sinadaran da 'ya'yan maraina da ma'ajiyar ƙwan mace ke zubawa cikin jini, don haka aikinsu na sauyawa gwargwadon abin da jinin ya kawo musu.

Tushen binciken ya koma ga Walter Hess na Jami'ar Zurich, wanda ya nuna cewa idan aka taɓa hayifotalamas ɗin kyanwa da ɗan lantarki, sai ta tayar da gashi ta fusata. Ya sami kyautar Nobel a 1949. Sai dai lantarki ba ya zaɓe, duk ƙwayar da ke kusa tayar da ita yake yi. A 2011 Dayu Lin da David Anderson na cibiyar Caltech a Amurka suka yi amfani da dabarar kunna ƙwayoyin jijiya da haske a wani ɗan gurbi na hayifotalamas ɗin ɓera mai suna VMHvl. Da an kunna hasken, sai namijin ɓera ya afka wa namiji, ya afka wa mace, har ma da safar hannu ta roba da aka hura wa iska. Sun kuma lura cewa wasu ƙwayoyin da ke aiki lokacin faɗa lafawa suke yi yayin da barbara ta yi nisa.

A 2014 ɗakin binciken Anderson ya taƙaita kan ƙwayoyin wannan gurbi da ke da makarɓin homon ɗin estirojin, inda aka ga cewa ƙarfin kunnawar ne ke raba hali da hali: idan an kunna su kaɗan ɓeran yakan sunsuna ko ya haye, idan an ƙara sai ya kai cizo. Shekara guda kafin haka, tawagar Nirao Shah ta kashe ƙwayoyin wannan gurbi masu makarɓin homon ɗin furojestaron, sai mace ta daina karɓar namiji, shi kuma namijin faɗansa da barbararsa suka ragu.

Batun estirojin ne ya fi ba da mamaki, domin an saba ɗaukarsa homon ɗin mata. A ƙwaƙwalwar namijin ɓera akwai wani sinadari mai suna aromatas da ke mayar da testostaron, homon ɗin maza, ya zama estirojin, kuma wannan estirojin ɗin ne ke tsara hanyoyin jijiyar a kwanakin haihuwa ta yadda za su yi aikin maza daga baya. Bayan balaga homon ɗin kan farkar da abin da aka riga aka gina, shi ya sa ɓeran da aka fiɗiye yake rage faɗa, ya kuma koma yi idan an ba shi testostaron. A jikin mace kuwa, wadda zagayen son namijinta ke ɗaukar kwana 4 zuwa 5, mahaɗan jijiyar da ke fita daga VMHvl suna ƙaruwa suna raguwa tare da hawa da saukar estirojin.

Saƙon da ke tayar da waɗannan hanyoyi daga hanci yake zuwa. Ɓera na da wata gaɓa ta musamman a cikin hanci mai gane sinadaran fitsari, wadda ke aika saƙo ta wani yankin ƙwaƙwalwa mai suna amigdala zuwa hayifotalamas. A 2002 ɗakin binciken Catherine Dulac na Jami'ar Harvard ya nuna cewa namijin da aka cire wa ƙwayar gado ta Trpc2, wadda gaɓar ke aiki da ita, ba ya faɗa da maza, hasali ma hawansu yake yi kamar mata.

Mace ma tana faɗa, musamman mai shayarwa idan baƙo ya kusanci 'ya'yanta, kuma a 2017 tawagar Dayu Lin a Jami'ar New York ta nuna cewa a VMHvl ɗin mace ƙwayoyin faɗa da na barbara kowane da ɓangarensa.