Waiwaye: Sunayen Kaya da Kamfanoni a Ƙagaggun Labaranmu

A 1933, lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya gasar ƙagaggun labarai, Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina, daga nan ya aika da nasa littafin. Marubutan wancan zamani ba su da damuwar ambaton sunayen kaya da kamfanoni a labari. Arzikin mutum a labari doki ne da alkyabba da raƙuma, babu mai tambari a cikinsu.

Adabin kasuwar Kano ne ya sauya abin daga tsakiyar shekarun 1980. Labari ya dawo cikin gari, mota ta karɓi aikin doki. Da marubuciya ta ce saurayi ya zo zance a Peugeot 504, wadda ake harhaɗawa a Kaduna a lokacin, mai karatu ya gane ma'aikaci ne mai rufin asiri. In Marsandi ce, ɗan masu da shi ne. Yau a littattafan da ake sayarwa ta WhatsApp, iPhone da Lexus da shaddar Getzner ke wannan aiki. Har ma wasu na karɓar kuɗi su saka tallar mai turaren wuta a tsakiyar babi, abin da a ganinmu yake kashe wa labari armashi.

Ambaton suna kawai ba laifi ba ne. Dokar alamar kasuwanci ta 1965 tana hana ka sayar da hajarka da tambarin wani, ba ta hana tauraruwarka jefa Maggi a miyar kuka ba. Inda ake shiga uku shi ne jingina aibu: a ce madarar kamfani kaza ta kashe jariri, ko asibiti kaza da ke Ƙofar Ƙaura ya musanya jinjiri. Wannan ɓata suna ne, kuma rubuta "ƙirƙirarren labari ne" a shafin farko bai isa kariya ba. Tun da aka kafa dokar laifukan intanet a 2015 hatsarin ya ƙaru. A 2023 an kama wata mata a Legas saboda ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani ya cika sukari.

Don haka duk kayan da zai yi ɓarna a labari, a ƙirƙira masa suna. Kafin a yi amfani da sunan, a bincika shafin CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, in magani ne ko abinci a duba rajistar NAFDAC, kada a dace da na wani. Sauya harafi ɗaya bai wadatar ba, muddin mutanen Katsina za su iya nuna shagon da yatsa.

Sunan gaske kuma yana da nasa tarkon, wato zamani. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001. Budurwar da ke zaune a Daura a 1995 wasiƙa za ta rubuta, ta ba ƙaninta ya kai.